Me ya sa ashana ba ta kamawa sai a jikin kwalinta?

Maman Khalifa:
Salam jama'a. Jiya kwalin ashanata ya jiƙe a kicin, tsinkayen kuma lafiyarsu lau, na yi ta ƙyastawa a bango da siminti amma ko hayaƙi babu. Dan Allah me ke jikin kwalin nan ne, ko dama can haka aka ƙirƙiro ta?

Malam Sadi Kemistri:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Ba haka ta fara ba. Ta farko da ake gogawa ta kama, wani mai shagon magani ne John Walker ya haɗa ta a garin Stockton a Ingila a 1826, ya fara sayarwa 1827. Bayan 'yan shekaru wani Bafaranshe Charles Sauria ya sa wani sinadari mai saurin kama wuta, farin fosfaros, a kan tsinken, wannan kam ko'ina ka goga sai ta tashi, amma fa guba ce, masu aiki a masana'antar tururinsa ke shiga ta haƙoransu yana cinye ƙashin muƙamuƙi har ya ruɓe, kuma yawancinsu mata ne da yara 'ya'yan talakawa, wallahi abin akwai tausayi. Sai a 1844 Gustaf Pasch ɗan Suwidin ya raba kayan gida biyu, jan fosfaros wanda ba shi da wannan illar ya koma gefen kwali, sauran sinadarin yana kan tsinke. Sai sun haɗu wuta ke tashi. Naki gefen ne ya jiƙe shi ya sa.

Abba_Fagge:
Malam ƙari kaɗan, a 1888 'yan mata kusan 1,400 na kamfanin ashana na Bryant & May a Landan sun yi yajin aiki kan tarar da ake cire musu a albashi da wahalar aikin. Yarjejeniyar hana farin fosfaros ɗin ma sai 1906 aka sa mata hannu a birnin Bern na ƙasar Suwizalan.

Baba Ilu:
'Yata, mu da muka taso a ƙauye ashana sai gidan mai hali. Ƙyastu muka sani, ƙarfe da dutsen ƙanƙara da 'yar auduga, in ba haka ba a aike ka maƙwabta da kasko ka ɗebo garwashi. Sunan ma na ji daga Yarbawa muka aro shi.

Maman Khalifa:
Allah sarki matan nan. Na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma. Bari in shanya kwalin a rana in gani ko zai dawo.