Your Honor zango na biyu: ni fa ban gane ƙarshen nan ba, a taimaka

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda bai gama kallo ba ya tsallake wannan, don zan fasa ƙwai. Tambayata kan zangon ƙarshe na Your Honor ce, wanda Bryan Cranston ya fito a alƙali Michael Desiato na birnin New Orleans. Zango na farko kam ba magana, ɗansa Adam ya kaɗe yaro a kan babur ya gudu, uban ya ɗauke shi zai miƙa shi ga 'yan sanda, suna isa ya hango iyayen mamacin ashe Jimmy Baxter ne babban ɗan ta'addan garin, nan take ya juya, daga nan ƙarya ta dinga haihuwar ƙarya har Adam ɗin ya mutu a hannunsa. To ni a ganina labari ya ƙare a nan. Me ya kawo zango na biyu? Kuma bayan duk wahalar da ya sha yana yi wa gwamnati aiki a ɓoye, me ya sa a ƙarshe aka nuno shi ya koma gidan yari? Shi ke nan ya yi aikin banza kenan?

Sadiq_Sinima:
Wa alaikumus salam Maman Haidar. Gaskiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Asali fa zango ɗaya aka shirya, kashi 10, ya fara a Showtime a Disambar 2020 ya ƙare a Fabrairun 2021, da suka ga mutane sun kalla sosai sai suka ƙara wani a 2023. Kuma ana ganin alamar ɗori a jikinsa. Abin da ya riƙe mu a na farko shi ne mutum yana zaune kan kujerar shari'a sanye da baƙar riga, kowa na miƙewa in ya shigo, alhali shi ne yake murɗe shari'ar Carlo Baxter, ɗayan ɗan Jimmy da ake tuhuma da kisa, da hannunsa har ya sa aka cire wata mata daga cikin juri (mutanen gari da ke yanke ko mutum ya yi laifi) don kar a kama Carlo da laifi. A na biyu an ƙwace rigar, sai gemu buzu-buzu da mutum mai neman mutuwa, sai rigimar Big Mo da 'yan ƙungiyar Desire kan ƙwaya da gidan rawa, sai Gina matar Jimmy da babanta, sai siyasar magajin gari Charlie, abu ya yi yawa wallahi har ka manta fim ɗin alƙali kake kallo. Kotu ma sai can wajen ƙarshe aka koma mata.

Malam_Bashir:
Sadiq ban yarda da kai ba gaba ɗaya. Eh tsakiyar zangon ta yi ja, wannan na ba ka. Amma cewa labari ya ƙare da mutuwar Adam, a'a. Ya ƙare wa gidan Desiato ne kawai. Ina Eugene?

Ku tuna lissafin yaron nan. Yayansa Kofi Jones aka ba motar da Adam ya kaɗe yaron da ita ya ɓatar, aka kama shi da ita, aka tilasta masa ya amsa laifin da bai ji ba bai gani ba, Carlo ya kashe shi a gidan yari. Aka zo aka tayar da gidansu, uwarsa da ƙannensa suka ƙone, shi kaɗai ya tsira don ba ya ciki. Sannan ya zauna a kotu yana kallo aka wanke Carlo tas, kuma alƙalin da ya wanke shi shi ne silar komai tun farko. Yaro ya ɗauki bindiga ya nufi Carlo harsashi ya samu Adam. In da an tsaya a nan, da an bar mu muna kukan ɗan alƙali, shi kuwa yaron da ya rasa kowa nasa ya zama mai kisa kawai da ya gudu cikin dare. Zango na biyu bashin Eugene ya zo biya, shi ya sa aka rufe shi da shari'arsa.

Kuma wurin da ya fi tsaya min a rai a fim ɗin duka yana nan. Kotun da Michael ya saba shiga ta ƙofar alƙalai, yau ga shi a akwatin shaida an rantsar da shi kamar kowa. Lee Delamere lauyar Eugene ta so ya ce bai ga wanda ya yi harbi ba, ya ƙi. Mutumin da ya yi ƙarya ta fi a ƙirga don ɗansa, yanzu ƙarya ɗaya tak ake nema a wurinsa, ƙaryar ma da za ta ceci yaron da ya zalunta, ya ce ya daina. Ya faɗa cewa Eugene ne ya harba, ya kuma faɗi sauran, cewa Adam ne ya kaɗe Rocco ɗan Jimmy, ga Fia 'yar Jimmy zaune tana ji, ita da ta haifi ɗan Adam ta sa masa sunan ɗan'uwanta Rocco.

Komawarsa gidan yari kuwa Maman Haidar, ai dama ba sakinsa aka yi don ya gama zamansa ba. Olivia Delmont mai gabatar da ƙara ta gwamnatin tarayya, wadda Rosie Perez ta fito a matsayinta, ita ta fito da shi don ya shiga jikin gidan Baxter, tana riƙe da maganar motar a kan abokinsa Charlie, wanda ya taimaka wajen ɓatar da ita. Aro ta yi, aiki ya ƙare ya koma inda laifinsa ya kai shi. Bambancin kawai, wanda muka gani a kashin farko na zango na biyu ana ɗura masa abinci ta bututu saboda ya ƙi ci, yana zaune a teburin karta a filin wasan fursunoni bijimi na tunkaro shi ko gezau bai yi ba don so yake ya mutu, ba shi ne ya koma ba.

Hauwa_Kulu:
Malam Bashir ka yi bayani wallahi. Ni dai Fia ce ta karya min zuciya, yarinya ta gano uban ɗanta shi ya kashe ɗan'uwanta, kakan ɗan ya ɓoye mata, iyayenta kuma hannunsu duk jini, ta rasa gidan da za ta raini yaro a ciki har ta bayar da shi a riƙe. Na yi kuka a wurin nan ba kaɗan ba. Abin da ban so ba shi ne yadda aka warware kisan Robin matar alƙalin a gurguje, abin da ake ta ja mana rai da shi tun zangon farko sai ga shi wani gurɓataccen ɗan sanda ne, aka wuce kamar ba a yi ba.

Sadiq_Sinima:
Malam na karɓi maganar Eugene, amma to Carlo fa? Wanda ya kashe Kofi da hannunsa, an riga an wanke shi, kuma a dokar Amurka ba a sake gurfanar da mutum kan laifin da kotu ta wanke shi a kai. Gina ta zuga babanta Carmine ya harbi mijinta, mulkin gidan ya dawo hannunta, Jimmy kuma ya buɗe ido a gadon asibiti. Wannan ai ƙofa suka bari a buɗe ko za a yi na uku, ga shi ba a yi ba.

Malam_Bashir:
Carlo kam ya sha, kuma aikin Michael ne, shaidarsa ba ta iya goge wannan. Abin da ta iya shi ne buɗe wa Eugene bakin magana kan tashin gidansu a gaban kotu, daga nan Olivia ta ɗauke shi a matsayin shaidan gwamnatin tarayya ya fita daga garin da ransa. Maman Haidar in za ki maimaita, ki koma kashi na 9 da na 10 na zango na biyu ki dinga kallon fuskar Eugene lokacin da Michael ke magana, za ki ga amsar tambayarki ta farko a wurin.