Abin da muka tsayar kan katin Yankees na 1927

To jama'a ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da muka yi kan makin 'yan wasan New York Yankees na 1927 a wasan katinmu na besbol. Kowa ya yarda Babe Ruth da Lou Gehrig su ne a sama, Ruth ya buga hom ron (bugun da ke ba mutum damar zagaye fili ya ci maki kai tsaye) 60 Gehrig 47, a nan babu gardama.

Inda aka kai ruwa rana shi ne sauran. Shawarar da ta fi ratsa ni ita ce kar sunan ƙungiya ya ruɗe mu, don ta ci wasa 110 ta kuma lallasa Pittsburgh Pirates 4-0 a gasar ƙarshe ba shi ke nufin kowa ya cancanci katin zinare ba, masu cafke ƙwallo irin su Pat Collins matsakaicin maki ya ishe su. Wani kuma ya ce mu auna kowa da 'yan zamaninsa, mu tuna lokacin ba a barin baƙaƙen fata su buga manyan lig sai 1947.

Ni dai wallahi Wilcy Moore nake jin an danne, mutumin da yawanci daga benci yake shigowa jifa amma ya ci wasa 19, katinsa na hannuna yanzu haka kuma makin da ke jiki ko kusa bai kai ba. Earle Combs ma a ƙara masa, shi ke fara bugu ya hau bes (zangon da mai bugu ke tsayawa a fili) kafin manyan su zo su kai shi gida ya ci maki.