Tsufa da ciwon daji: ta ina ake fara gwaji?

Ɗalibar Digiri na Biyu:
Assalamu alaikum malamai. Ina son bincika yadda tsufa ke sauya abincin da ƙwayoyin ciwon daji ke samu a jiki. Da ɓeraye zan fara ko da ƙwayoyin da ake renawa a faranti a ɗakin gwaji?

Malam Mai Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam. Fara da faranti, amma ki kula da ruwan renon. Ruwan reno na DMEM mai yawan sukari yana da gulukos milimola 25 a kowace lita, jinin mutum kuwa kusan 5 ne. Ƙwayar da ta ƙoshi haka ba za ta nuna miki halinta na cikin jiki ba. Ki nemi ruwan reno irin HPLM ko Plasmax, waɗanda aka haɗa su yi kama da jinin ɗan Adam. Iskar oksijin ma haka: akwatin reno yana kusan kashi 20, cikin ƙari (kumburin daji) kuwa sau da yawa bai kai kashi 2 ba.

Wajen ciro sinadarai daga ƙwayoyin don aunawa, hanzari ne komai. Ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki kwara metanol kashi 80 mai tsananin sanyi nan take. Jinkirin 'yan daƙiƙu yana sauya ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a ƙwaya.

Dokta Mai Binciken Ƙari:
Ƙanwata, duba aikin Ana Gomes a ɗakin gwajin John Blenis, wanda ya fito a mujallar Nature a 2020. Sun zuba wa ƙwayoyin daji ruwan jinin 'yan shekara 30 zuwa ƙasa da na masu 60 zuwa sama. Na tsofaffin ya sa ƙwayoyin suka ƙara yaɗuwa da jure magani, kuma suka gano sinadarin MMA (methylmalonic acid), wanda ke ƙaruwa a jinin tsofaffi, yana da hannu, ta hanyar kunna ƙwayar gado mai suna SOX4. Tarkon shi ne ƙarancin bitamin B12 da raunin ƙoda duk suna ɗaga MMA. In ba ki auna su biyun ba, za ki ɗora wa tsufa laifin ƙoda.

Mai Kula da Ɓeraye:
In kin kai ga ɓeraye, kada ki tsaya kan 'yan sati 6 zuwa 8 da aka saba. Tsoho shi ne mai wata 18 zuwa 24. Ki ƙara yawansu tun farko, domin wasu za su mutu ko ƙarin kansu ya fito musu kafin ki gama. Maza da mata kuma a lissafa su dabam.