Neman shawara: fankar da ba ta da ƙara don akwatin kwamfuta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Makka, kwamfutar tebur ce a ɗakin kwana. Fanka biyu ne a jikin akwatin, masu milimita 120, ɗaya gaba ɗaya baya, irin masu fulogi mai fin 3 da suka zo da shi. Da dare ƙararsu ta fi ta mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) damuna. Gaban akwatin yana ɗaukar 140 guda biyu. Wace iri zan saya, kuma guda nawa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka kashe riyal ko ɗaya, tabbatar da inda ƙarar take fitowa. Buɗe murfin gefe, kwamfuta na kunne, ka ɗan danna tsakiyar kowace fanka da yatsa ta tsaya na daƙiƙa biyu, ka saurara. Sau da yawa mai laifin ita ce 'yar fankar kan furosesa ko ta katin girafik. Ta cikin fawa sufulai (abin da ke raba wa kayan kwamfutar wuta) kuwa kada ka taɓa ta, kada ma ka kwance shi, yana riƙe wuta ko an cire fulogi.

In na akwatin ne, sa 140 biyu a gaba su shigo da iska, 120 ɗaya a baya ta fitar. Babbar fanka tana tura iskar da ƙarama ke turawa ba tare da ta yi gudu sosai ba, kuma gudun ne ke kawo ƙara. Ƙasa da juyi 800 zuwa 900 a minti da wuya ka ji ta; daga 1,300 zuwa sama kuwa ko ta wane kamfani ce za ka ji hucin iska. Nemi mai fin 4, wato PWM, domin madabod (babban allon kwamfutar) ya iya rage mata gudu ƙasa sosai. Arctic P14 da P12 suna da sauƙin kuɗi kuma suna aiki. Noctua NF-A14 da NF-A12x25 sun fi su laushin sauti, garantinsu shekara 6, sai dai tsada.

Amsa ta biyu:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa haka ne, amma a dubi boris ɗin, wato abin da fankar ke juyawa a kansa. Fankokin da ke zuwa da akwati galibi masu sleeve ne. Zafin nan yana busar musu da mai, sai su fara gurnani, musamman in an kwantar da su a rufin akwati. Duba kwali ka ga an rubuta fluid dynamic ko FDB. Mai ball yana jure zafi amma yana da 'yar ƙara tasa.

Sai ƙura, wadda ita ce babbar matsalarmu a ƙasar nan. Dalilin sa biyu su shigo ɗaya ta fita ke nan: iskar ciki ta fi yawa, sai ta riƙa fita ta kafofi, ƙura ba ta samun hanya sai ta ragar gaba. In ka juya lissafin, kowace kafa za ta zuƙo ƙura. Wanke ragar duk wata. In ta toshe, zafi ya hau, fanka ta ƙara gudu, ƙarar ta dawo. Lokacin hura bulowa riƙe fukafukan, kada su yi ta juyawa.

Mai tambaya:
Na gode. To lambar dB (ma'aunin ƙarar sauti) da ke jikin kwali fa, in bi ta?

Amsa ta uku:
Kada ka dogara da ita wajen kwatanta kamfani da kamfani, kowa da yadda yake aunawa. Saitin ya fi lambar muhimmanci. Shiga BIOS (shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta), ka mai da soket ɗin fankar kan PWM, ka ajiye gudu a kashi 35 zuwa 40 har furosesa ya kai digiri 60, daga nan ya hau a hankali zuwa kashi 100 a digiri 85. Sa jinkirin 'yan daƙiƙu, domin tashi da saukar sauti ya fi ƙara mai ɗorewa hana barci.

Wajen ɗaurawa, iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe da injin fankar suke; wasu ma da kibiya a gefe. Yi amfani da robobin ɗauri, ko kada ka matse sukuru da yawa, in ba haka ba girgiza za ta bi ƙarfen akwatin. In soket bai isa ba, ana haɗa uku a guda da sifilita (waya mai raba soket ɗaya), matuƙar jimillarsu ba ta wuce amfiya 1 ba, wanda shi ne iyakar yawancin madabod. Lambar amfiyar tana rubuce a bayan kowace fanka.