Giwan ruwa ɗan dangin Serranidae ne? Muhawarar 'yan sashen kifi

Ɗan aji uku: Assalamu alaikum. Jiya na faɗa a aji cewa giwan ruwanmu na Tafkin Chadi da Kogin Neja ɗan dangin Serranidae ne, dangin kifayen teku irin su sibas (sea bass) da gurufa (grouper), aka ce na yi kuskure. Hujjata ita ce, baramundi na Ostireliya sibas ɗin Asiya ake ce masa a kasuwa, kuma shi da giwan ruwa gidansu ɗaya, Lates (gida shi ne ƙaramin rukuni a ƙarƙashin dangi). To ina kuskuren?

'Yar digiri na biyu: Wa alaikumus salam ƙanina. Gaskiyarka, gidansu ɗaya: Lates calcarifer da Lates niloticus. Amma danginsu Latidae ne. Sunan kasuwa ne ya ruɗe ka. Sibas ɗin Turai, Dicentrarchus labrax, ɗan Moronidae ne. Wanda ake kira sibas ɗin Chile ko kusa bai kusanci Serranidae ba, kifin ruwan sanyi ne na kudancin duniya, wani ɗan kasuwar Amurka ne ya raɗa masa sunan a 1977 don ya samu masu saye.

Ɗan aji uku: Yaya, ai kamar ta yi yawa. Ki dubi bakin gurufa da na giwan ruwa, da kaurin jiki.

Tsohon masunci: Yaro, shekara talatin ina su, kama ba ta zama jini. Duk kifin da ke haɗiye ɗan uwansa baki gare shi mai faɗi.

'Yar digiri na biyu: Baba ya faɗi gaskiya. Ka duba ƙashin da ya rufe wurin numfashi a gefen kai. 'Yan Serranidae ƙaya uku gare su a wurin, giwan ruwa ɗaya babba. Sannan yawancin gurufa mace suke fara zama, sai sun girma su koma namiji. Baramundi kuwa akasin haka yake, namiji da farko, mace daga baya.

Malamin sashe: Na yarda da duk wannan. Inda zan ja da ke shi ne abin da kika rubuta a takardarki, wai gurufa sun fita daga Serranidae. Wani masanin halittu, Swainson, shi ne ya kafa dangin tun 1839, kuma littafin Fishes of the World, bugu na biyar na 2016, ya bar gurufa a ciki a matsayin reshe, Epinephelinae. Da shi nake koyarwa.

'Yar digiri na biyu: Allah ya gafarta Malam, ban ƙi littafin ba. Amma tun 2007 masana kifi biyu, Smith da Craig, suka gwada ƙwayoyin gadon waɗannan kifaye, suka ga tsohon dangin tarkace ne, an tara waɗanda kakansu ba ɗaya ba. Suka ɗaga gurufa zuwa dangi mai zaman kansa, Epinephelidae. Kundin sunayen kifaye na Eschmeyer da ke Kalifoniya ma haka ya jera su yanzu. Abin ya dame ni ne saboda ɗalibi zai nemi gurufan da ake kira Epinephelus aeneus, wanda 'yan Senegal ke kira cof suke dafa shinkafa da shi, ya tarar da shi a dangi biyu, ya ɗauka ɗaya ƙarya ne.

Malamin sashe: Ko a dangi ko a reshe, gurufa dai suna tare wuri guda, matakin ne ake jayayya a kai. A jarrabawa ku rubuta wanda kuka bi, ku faɗi shekararsa, zan karɓa.

Ɗan aji uku: Na janye maganar giwan ruwa, Malam. Ta gurufa kuwa ina bayan Yaya.