An shigo gandun dajin garinmu da katafila, wai da takardar Abuja

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya ina ƙirga buhuna ƙanena ya kira ni daga gida, ya ce wasu baƙi masu haƙar zinare sun shigo gandun dajin da ke bayan garinmu da katafila biyu, sun tuge ɗorawa da kaɗanya, har da maɗacin da babanmu yake rataya amyarsa. Ruwan rafin da muke shayar da shanu ya koma ja kamar kunun kanwa. Da dagaci ya je, sai suka nuna masa takarda, wai daga Abuja. Dajin nan, muna yara ko itacen girki ka saro ɗanye sai malamin daji ya ƙwace maka gatari. Don Allah masu sani, doka ta yarda a haƙi zinare a irin wannan wuri? Ban rintsa ba tun jiya.

Lauyan Obalende:
Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah Ya kawo sauƙi. Matsalar daga tushe take. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, amma ita ƙasar, bisa dokar filaye ta 1978, tana hannun gwamna. Gandun daji kuma galibi na jiha ne. Ka ga an raba saniya: kai na wani, nono na wani.

Dokar ma'adinai ta 2007, a sashe na 3, ta hana haƙa a cikin gari, kasuwa, maƙabarta, da dazuzzukan da ke ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa, irin su Kamuku na Birnin Gwari da Gashaka-Gumti. Gandun jiha ba ya cikin wannan jeri, kuma ta nan ake shigo muku. Amma kada takarda ta tsorata ku. A karanta ta da kyau. Lasisin bincike daban, na haƙa daban. Mai lasisin bincike ba shi da ikon kwasa ya sayar. Mai na haƙa kuwa dole ya yi nazarin illa ga muhalli, ya kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen gari kafin ya fara aiki. Ku ɗauko lambar lasisin a duba ta a ofishin rajistar ma'adinai na tarayya, a ga ko iyakarta ta kai cikin dajin ma.

Ɗan Acaɓa, Agege:
Barista ka yi bayani, amma ni a tausaya wa yara. Tun da aka hana acaɓa a wasu sassan Legas a 2022, abokaina da yawa ramin haƙar zinare suka koma, wasu har yankin Ilesha. In an zo kame, mai diga da shebur ake tafiya da shi, mai katafila yana gida. An hana haƙa a Zamfara daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, me ya sauya wa talaka?

Maman Yara, Idi-Araba:
Ɗana, yunwa gaskiya ce, ban musa ba. Amma ni 'yar Anka ce. A 2010 na je gida na ga abin da gubar dalma ta yi. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma ake kawowa tsakar gida, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara, har da ɗiyar ƙanwata, tana farfaɗiya a cinyata. Alhaji, tun kafin maganar lasisi, ka kira gida yanzu: kada wanda ya shigo da dutsen nan gida, kada yara su sha ruwan rafin.

Mai Albasa, Mile 12:
Allah Ya jiƙan ta, Hajiya. Na kira, na faɗa wa Inna da bakina. Barista, ƙanena ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, zan kawo maka Obalende gobe bayan la'asar. Mu 'yan garin da ke nan Legas mun kai mu ashirin, za mu zauna ranar Juma'a mu haɗa kuɗin mota, mutum biyu su tafi da wasiƙa zuwa ga hakimi da ma'aikatar muhalli ta jiha.