Neman kalma: me za mu kira "wash" a fentin 'yan sojojin wasan tebur?

Mai_Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar koyar da masu fara fentin ƙananan sojojin roba irin na Warhammer 40,000, masu tsayin milimita 28 zuwa 32. Jibi za a kai wa mai bugawa. Kalmomi uku sun tsaya mini: primer, wash da drybrush. Ta farko na sa "shimfiɗa". Ta biyun ce ta gagara.

Ɗan_Buroshi: Wa alaikumus salam, Malama. Shimfiɗa ta zauna daidai. Ki dai bayyana cewa amfaninta shi ne fenti ya samu abin kamawa, don roba tana da santsi, da an taɓa sai ya ɓare. A girgiza gwangwanin feshin shimfiɗar minti 2, a fesa kaɗan-kaɗan daga nisan santimita 20 zuwa 30. Idan aka yi nisa da yawa a rana mai zafi, fentin yakan bushe a iska ya sauka kamar yashi. Wash kuwa ki sa "wanki".

Baba_Nahawu: Wanki zai ɓatar da yara. Akwai wankin gaske a aikin nan: sojan resin (wata irin robar zubi) ko na ƙarfe sai an wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a cire maiƙon da ya ɗauko wurin zubi, in ba haka ba shimfiɗar ma ba za ta kama ba. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki aiki biyu a shafi ɗaya ba. Ni na ce "kwalli". Me wash yake yi? Tsinkakken fenti ne mai duhu da ke gangarawa cikin lungu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin ɗamara, ya fito da siffa. Aikin kwalli ke nan a ido.

'Yar_Damagaram: Baba, kalmar ta yi daɗi a kunne, amma kwalli baƙi ne. Cikin irin wash ɗin da ake sayarwa, Nuln Oil baƙi ne, na yarda. Agrax Earthshade fa, mai ruwan ƙasa? Da Reikland Fleshshade da ake sa wa fata? Za mu ce jan kwalli?

Baba_Nahawu: Me zai hana? Tawada ma da baƙa muka san ta, yau ga ja ga shuɗiya, ba wanda ya sauya mata suna.

Ɗan_Buroshi: Matsalar ta wuce launi, Baba. Kwalli layi ake ja da shi. Wash kuwa shafe dukan wurin ake yi da buroshi lamba 2, a bar shi ya nemi gangare da kansa. Wanda ya ji kwalli zai ɗauki siririn buroshi yana bin layi ɗaya-ɗaya, ya ɓata awa guda a kan soja ɗaya. Kuma babban kuskuren mai koyo shi ne barin ruwan ya taru a shimfiɗaɗɗen wuri kamar kafaɗar sulke: ya bushe ya bar zobe mai duhu. Maganinsa a tsane buroshi a tsotse rarar tun yana ɗanye, sannan a ƙyale shi minti 30 zuwa 40. Sunan ya kamata ya nuna cewa abu ne mai gudana.

Sabon_Gari: Ku bar wahalar da kanku. A rubuta "wash" yadda yake a kwalba. Duk bidiyon da yaron zai kalla da Turanci ne.

'Yar_Damagaram: Wace kwalbar? Cikin masu yin fentin, Citadel "Shade" suka rubuta, Vallejo "Wash", Army Painter "Quickshade". Masu abin ma ba su daidaita ba. Sannan mu a Nijar "lavis" muke gani a littattafan Faransanci. Hausar ce kaɗai za ta haɗa mai karatu na Zinder da na Kano.

Baba_Nahawu: Allah ya yi miki albarka. Harshen da ya raɗa wa jirgin sama da na ƙasa suna ba zai kasa da ɗigon fenti ba. Raina kai ne kawai.

Sabon_Gari: Ba raini ba ne, Baba. Buroshi da fenti da kuke ta faɗa, daga ina muka samo su?

Mai_Fassara: Don Allah a dawo kan magana, lokaci na tafiya. Me kuka gani game da "ruwan inuwa"? Ruwa ya nuna tsinkewa, inuwa ta nuna aikin.

Ɗan_Buroshi: Ya yi. Kuma yana shiga jimla: "ka zuba ruwan inuwa bayan launin farko ya bushe." Kwallin Baba a ajiye shi ga ɗaya dabarar, wadda ake ɗiga duhu da bakin buroshi cikin tsagar sulke kaɗai. Can kam kwalli ne sak.

Baba_Nahawu: Kalma biyu inda ɗaya ta isa. To, na ji. Amma a rubuta kwallin a takardar, kada a bar shi a nan.

Mai_Fassara: Na rubuta, Baba. Saura drybrush.

'Yar_Damagaram: Ana ɗibar fenti mai haske da tsohon buroshi mai tauri, a goge a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan a riƙa wucewa da sauri a kan gashi ko sarƙa, tudun kaɗai ya ɗauka. In da sauran danshi, zane-zane zai bari kamar alli. Ni "busasshiyar shafa" zan ce.

Baba_Nahawu: Fassarar kalma da kalma ce wannan. "Sharar tudu" ta fi.

Mai_Fassara: Zan sa busasshiyar shafa a wannan bugun, don shafin ya riga ya cika. Sharar tudu mu sake duba ta kafin bugu na biyu.